Alwalar Malam Shitu

Kakana Malam Shitu shi ne limamin masallacin unguwarmu tun kafin a haife ni. Garin namu ƙarami ne, a gefen Bebeji, cikin garuruwan da aka tsugunar da mutane lokacin da ruwan Tiga ya cinye tsofaffin gidajensu. Mahaifinsa ne liman a tsohon garin da yake ƙarƙashin ruwa yanzu, da ya rasu kuma Malam ya gaje shi a nan. Ni sunana Garzali. Noman rani nake yi a bakin kanal, tumatir da albasa, karatuna kuma bai wuce firamare da allo ba. A gidan Malam na tashi, shi ya sa wasan jika da kaka bai taɓa yankewa tsakaninmu ba. Ina ce masa Tsoho, shi kuma ya ce mini ɓarawo, wai kullum ina zagaya masa mata, wato kakata Iya Tani.

Bara, bayan an gama kai amfanin gona gida, Malam ya fara shan ruwa fiye da ƙima, ga yawan fitsari, ga rama. Matar baffana Bala, Anti Fiddausi, ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibitin da ke kusa da mu. Ita ta matsa wa mijinta aka kai shi. Aka soki yatsa, aka duba jini, aka ce ciwon suga ne. Likita ya rubuta masa wata farar ƙwaya mai ɗan girma, wadda na ji ana kira metfomin, ya sha ɗaya da safe ɗaya da yamma.

Sai na faɗi yadda Malam yake da Anti Fiddausi, don a gane abin da ya biyo baya. Surukarsa ce, matar ɗansa na fari. Shekararta tara a gidanmu amma ba ta taɓa kama sunansa ba. In za ta gaishe shi tun daga nesa take cire takalmi, ta durƙusa a bakin ƙofa, kanta a ƙasa. Shi kuma sai ya juya fuska wajen bango. Ta ce Baba yaya jiki, ya ce da sauƙi, alhamdulillahi, Allah ya yi albarka. Iyakar hirarsu ke nan, ko da lafiya ko babu.

To bayanin yadda ake shan maganin ma ta hannu uku ya bi. Ita ta gaya wa Baffa Bala cewa da abinci ake sha, Baffa ya gaya wa Iya Tani, Iya Tani ta gaya wa Malam. Malam ya ce ai shi ba yau ya fara shan magani ba. Jiƙo ne, tsimi ne, rubutu ne, duk kafin a karya ake sha, don magani ya tarar da ciki fili, kada abinci ya raba masa ƙarfi. Saboda haka da ya dawo daga sallar Asuba sai ya haɗiye ƙwayarsa da ruwa, ya zauna wuridi har hantsi bai sa komai a baki ba. Ta yamma kuma kafin Magariba, tun ba a sauke tukunya ba.

Iya Tani ma ta kawo nata ilimin. Ta jiyo a wajen mata cewa mai suga ba ya cin komai sai wake. Ta ɗauke masa tuwo, ta ɗauke fura da nonon da ya saba sha kullum da rana tun yana saurayi. Wake da safe, wake da yamma. Duk cikinmu ba wanda ya ga laifin haka, kowa ganin yake ana kula da tsoho.

Ba a yi kwana goma ba abin ya bayyana. Wata Azahar ladan ya tada iƙama, Malam ya tsaya a gaba, ya ɗaga hannu zai kabbarta, sai ya sauke. Ya ja da baya, ya kamo hannun rigar na'ibinsa Malam Isma'il ya tura shi gaba, ya fita ya ɗauki buta. Ba wanda ya damu, ai abu ne da yake samun kowa. Amma washegari ya sake faruwa da La'asar, bayan kwana biyu kuma a tsakiyar raka'a ta biyu. Daga nan Malam ya daina wucewa gaba. Sai ya zo a makare, ya tsaya a ƙarshen sahu kusa da ƙofa, wani lokacin ma kafin a yi sallama ya fice.

Wata rana da hantsi ina cikin dashen albasa sai na hango shi tafe a kan kunyar kanal da sandarsa. Ya zo ya zauna gindin mangwaro, ya ɗauki irin albasar yana tsince mini matattun. Na tsokane shi na ce ko Iya Tani ce ta koro shi. Bai yi dariya ba.

Ya ce, “Garzali, alwala ta daina zama a jikina.”

Ya gaya mini tun da ya fara shan ƙwayar nan cikinsa yake kumburi kamar an hura salka, ga ƙugi, ga iska, ga gudawa da ba ta sallama. Ya ce in ya yi alwala a gida, kafin ya kai ƙofar masallaci ta tafi. Ya ce shi a karan kansa yana da uzuri, Allah ya yi wa mai larura rangwame. Amma ba ya kyautuwa mai irin wannan larurar ya tsaya gaban masu lafiya.

“Mutum arba'in ne a bayana. Tawa sallar da sauƙi. Tasu fa?”

Na ce a gaya wa Anti Fiddausi mana. Ya dube ni kamar na ce ya fita kasuwa ba riga. Ya ce da wane bakin zai ba surukarsa labarin abin da yake yi a makewayi? Ya ce ni ma don ni abokin wasansa ne ya gaya mini, kuma maganar ta tsaya gindin mangwaron nan.

Ni kuwa abin da na sani game da gudawa ɗaya ne, irin wanda kowa ya sani a garinmu. Na hau babur na tafi kemis ɗin Maikano a bakin titi. Ban faɗi sunan kowa ba, na ce wani dattijo ne cikinsa ya lalace. Maikano ya ce ai dattin ciki ne, sai an wanke. Ya ƙulla mini kafso ja da baƙi, da wasu ƙananan ƙwayoyi masu ɗaci, na kwana biyar. Malam ya shanye. Kwana ɗaya ko biyu kamar an samu sauƙi, sai abin ya dawo ya fi na da. Na koma, Maikano ya ce dattin ne da yawa, a ƙara. Cikin wata biyu sau uku na kawo masa. Tsoho ya ƙara zubewa, rawaninsa ma kamar ya yi masa yawa.

Sai ga shi ana shiga bazara, wata Juma'a da La'asar, Malam ya wuce gaba ya ja salla raka'a huɗu cif. Magariba ma haka, washegari ma haka. Jama'a suka yi ta barka. Ni har da yi masa gori, na ce ya ga aikin kafsona, saura ya sakar mini Iya Tani ladan aiki. Ya yi murmushi ya ce Allah ya shirye ni. Wajen mako uku muna cikin wannan farin ciki.

Iya Tani ce ta fara lura. Ta kira ni ɗakinta ta ce, “Maigida, kiyashi sun dawo inda Malam yake tsugunawa.” Ta ce haka suka riƙa taruwa kafin a kai shi asibiti da farko. Ta ce kuma randa ba ta yini, moɗa uku yake sha a tsaye. Ni ma da ta faɗa sai na tuna na ga yana nesa da littafi daga fuskarsa yana matso da shi, yana murza ido.

Na same shi a zaure bayan Azahar. Na ce ya ba ni kwalin maganin in je in karɓo sabo, tunda wata ya kusa cika. Sai ya sa hannu ƙarƙashin buzu ya jawo leda ya miƙo mini. Maganin yana nan a jere, ba a ɓalle ko rabinsa ba. Ashe ba kafsona ba ne ya yi aiki. Ƙwayar sugan ya daina sha.

Na ce, “Tsoho, wannan fa shi ne yake riƙe da kai.”

Ya ce ya sani. Ya ce ya auna abin ya ga biyu ne, ko ƙwaya ko limanci. Ya ce shekara talatin da ɗoriya yana tsayawa a wurin nan da mahaifinsa ya bar masa, bai ga yadda zai ƙarasa kwanakinsa a bakin ƙofa da buta a hannu ba. In ya sha maganin zai rayu a bayan sahu, in ya bari zai tsaya a gaba iya abin da Allah ya ɗiba masa. Na ce mu je Tudun Wada wajen wani likitan da bai san mu ba. Ya ce duk takardar da aka rubuto hannun surukarsa za ta dawo, kuma kowane likita abu ɗaya zai ce, sha ko ka mutu. Ya sake jaddada mini cewa bai yarda in kai sunansa gabanta ba.

Na fita. Na je lambu na kunna injin ban ruwa, na zauna ina kallon ruwa yana bin kwari. Alƙawari dai na ɗauka, kuma ban saba saɓa wa Malam ba. Amma da na sake juya maganar sai na ga sunansa kawai ya hana ni kaiwa, ba labarin ba.

Washegari na cika ƙaramin kwando da tumatir na tafi asibitinsu Anti Fiddausi. Na jira ta sallami masu awo, sannan na shiga na gaishe ta na ajiye kwandon. Na ce wata tambaya aka aiko ni da ita, game da wani dattijo a Dangora. Na kwashe labari duka na gaya mata, kumburin, gudawar, da yadda ya ajiye maganin. Tana ta rubutu a takarda, sai na ga biron ya tsaya.

Ta ce, “Mutumin nan na Dangora, liman ne?”

Na ce yana ɗan taɓawa.

Ta rufe bakinta da gefen hijabi. Sannan ta tambayi yaushe yake shan ƙwayar, na ce kafin ya karya. Me yake ci, na ce wake. An ba shi wani abu don gudawar? Na ce kafso, sau uku. Ta ce wa ya saya masa, na ce wani jikansa ne.

“Jikan nan yana noman tumatir?”

Na sunkuyar da kai. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce in ja kujera in zauna.

Ta ce a cikin hanjin kowane mutum akwai wasu ƙananan halittu masu rai da ido ba ya gani, yawansu ya wuce lissafi. Na ce wato tsutsar ciki. Ta ce a'a, waɗannan ba cuta ba ne, ni ma ina da su, ita ma tana da su, jariri ma da zarar ya zo duniya yake fara tara nasa. Ta ce irinsu ne suke mayar da madara ta zama nono. Yawancinsu aiki suke yi mana, suna ƙarasa narkar da abin da ciki ya kasa, suna tare masu cutarwa kada su samu wurin zama. Ta ce ita ƙwayar sugan in ta isa hanji sai ta sauya musu zama, wasu su ƙaru, wasu su ragu. Masu bincike ma suna ganin wani ɓangare na yadda take sauke suga ta hannun waɗannan halittun yake bi. To lokacin da suke wannan sauyin ne ciki yake ƙugi da kumburi, wani har da gudawa. Mafi yawan mutane abin yana kwantawa in an fara da kaɗan kuma an sha a cikin abinci. Amma a zuba ta a ciki ba komai, a bi ta da wake safe da yamma ga wanda bai saba ba, ai dole ciki ya yi bore.

Na ce to kafson fa?

Ta ce, “In ka ga tsutsa a tumatir ɗinka ka yi feshi mai ƙarfi sau uku a jere, tsutsar kaɗai take mutuwa?”

Na ce a'a, har ƙudan zuma sai ka gan su a ƙasa. Ta ce to haka kafso yake, ba ya tambayar wane ne mai amfani. Da ma ba wata cuta a cikin da zai kashe, ma'aikatan kawai ya yi ta kwashewa, duk sanda suka fara farfaɗowa sai jikan ya sake kawo wani. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce yanzu shi ke nan sun ƙare? Ta ce ba sa ƙarewa, suna dawowa in an bar su, sai dai ba a kwana ɗaya ba.

A gabana ta kira likitan da ya fara duba Malam a waya, suka daɗe suna magana, rabi Hausa rabi Turanci. Da ta gama ta ce in tafi, tana nan zuwa gida bayan La'asar.

Da ta zo ɗakin Iya Tani ta shige. Malam yana zaure. Na je na durƙusa na ce masa na je wajen Anti Fiddausi. Fuskarsa ta canza, ya ce a hankali, “Ka kai ni kasuwa ke nan.” Na ce wallahi ban kama sunansa ba, labarin wani mutumin Dangora na ba ta, mai irin larurarsa. Ya zuba mini ido yana jan carbi. Ni dai ina jiran ya kore ni.

Sai ya ce, “To me ta ce game da shi, mutumin?”

Haka muka yi yinin nan. Tsakanin zaure da ɗakin Iya Tani taku ashirin ne, na taka shi ya fi sau goma sha biyar. Ta ce a tambayi mutumin Dangora sau nawa yake zagayawa a yini lokacin da yake shan maganin. Malam ya ce mutumin ya ce sau biyar, wata rana shida. Akwai jini? Babu. Zazzaɓi fa? Babu. Ƙafafunsa suna yi masa kamar ana tsira allura? Malam ya ce mutumin ya ce kwanan nan sun fara. Da tambayoyin suka yi yawa ya ce in gaya mata mutumin ya ce ko alƙali bai kai ta bin diddigi ba. Na kai saƙon, Iya Tani ta yi dariya har da riƙe ciki, Anti Fiddausi kuwa ta ɓoye fuska.

Na kawo masa bayanin halittun nan yadda na iya. Na yi zaton zai musa. Sai ya ajiye carbin ya ce in maimaita. Ya tambaya ko suna da baki, na je na dawo na ce ta ce ba su da shi. Ya tambaya shekara saba'in da biyar suna cikinsa suna masa aiki bai sani ba? Na ce haka ta ce. Ya girgiza kai ya yi tasbihi, ya ce shi da yake zaton shi kaɗai yake cin tuwonsa. Da na zo kan maganar kafso na ce laifina ne. Ya ce ai shi ya buɗe baki ya haɗiye, kada in ƙara tada zancen.

Sannan ya yi tambayar da ta kawo mu. Ya ce in ce mata, mutumin yana son ya sani, in ya koma shan ƙwayar, alwalarsa za ta zauna ko ba za ta zauna ba? Kada ta ɓoye masa.

Ta ce ba za ta yi alƙawarin rana ba. Amma za a fara da rabin ƙwaya, a tsakiyar abinci. A daina kafso. A rage wake, a dawo da tuwo daidai misali da miyar kuka da kuɓewa da zogale, a dawo da nono amma ba suga, fura kuma 'yar kaɗan. A ba ciki mako huɗu zuwa shida. In bai kwanta ba akwai irin ƙwayar mai narkewa a hankali, in ita ma ta ƙi akwai wani maganin daban. Ta ce in gaya masa ba wanda ya ce sai ya zaɓi ɗaya tsakanin lafiyarsa da masallacinsa.

Da na faɗa masa wannan ta ƙarshen sai ya cire tabarau ya goge da gefen rawani, ya mayar.

Saura abu ɗaya da ba a yin sa ta hanyar aike. Dole a soki yatsa a ga inda sugan ya kai, ni kuma ban iya ba. Anti Fiddausi ta fito da 'yar na'urarta, ta cire takalmi tun daga tsakar gida, ta shigo zauren a durƙushe. Malam ya juya fuska wajen bango ya miƙo hannu. Ta soka, ta ɗiga jinin, muka jira. Da lambar ta fito ni ta nuna wa, ban san ma'anarta ba. Ta tattara kayanta kamar za ta fita, sai ta tsaya.

Ta ce, “Baba, don Allah a sha. In ya dame ka a aiko Garzali, ko sau nawa ne.”

Shekara tara ban taɓa jin ta yi masa magana mai tsawon haka ba. Malam yana kallon bango ya ce, “Na ji, 'yata. Za a sha.”

Da Magariba bayan ya sallame salla ya juyo ya gaya wa jama'a cewa ba shi da lafiya, Malam Isma'il zai riƙa jan salla har kwana arba'in. In Allah ya ba shi sauƙi, to. In kuma bai samu ba, dattawa su zauna su tsayar da wanda ya dace. Malam Isma'il ya ce shi riƙo kawai zai yi, wurin na mai shi ne.

Daga nan sai jira. Iya Tani ta ɗauki abin da zafi, ta zauna a gabansa da ƙwayar a tafin hannu, sai ya yi loma biyar ta miƙa masa, ya haɗiye ya ci gaba da ci. Yana ta mita wai an mayar da shi yaron goye. Ni kuma kullum da hantsi nake tare 'yan Fulanin da suke wucewa ta bakin kanal in karɓi nono mai kyau, wanda ba a tsinka da ruwa ba. Ranar da aka fara dawo masa da shi ya shanye ƙwaryar har yana lashe ludayi.

Makon farko kusan ba abin da ya canza. Na biyu gudawar ta ragu, kumburin yana nan. Da aka ƙara ƙwayar ta koma guda a mako na uku sai cikin ya sake tashi, kwana biyu Malam bai je masallaci ba sam. Na same shi a zaure ya yi tagumi, ya ce ƙila dai na'ibin nan ya gaji wurin. Na hau babur na kai saƙo. Likita ya canza masa zuwa mai narkewa a hankali, sau ɗaya a yini, da tuwon yamma. Ban san ko ita ce ta yi aikin ba, ko kuwa halittun ne suka gama komawa mazauninsu, ko duka biyun. Anti Fiddausi ma ta ce ba za ta iya rabewa ba. Ni dai na ga moɗar ruwa ta koma ɗaya, na ga ya daina murza ido, lambar na'urar kuma tana sauka duk mako.

Ana cikin kwana na talatin da wani abu na lura da wata sabuwar ɗabi'a. Malam zai yi alwala ya shiga Azahar a bayan Malam Isma'il, in an idar ba ya fita. Sai ya jingina da ginshiƙi yana karatu har a kira La'asar, ya tashi ya bi salla bai nemi buta ba. Ashe gwada kansa yake yi. Kwana uku a jere yana haka, bai gaya wa kowa ba, ni ma ban nuna na gani ba.

Rana ta huɗu Talata ce. Ladan ya tada iƙamar La'asar. Malam Isma'il ya waiwayo ya dubi Malam, kamar yadda yake yi kafin kowace salla tun ranar da ya karɓi riƙo. Kullum Malam hannu yake ɗaga masa ya wuce. Ran nan sai ya dafa ginshiƙi ya miƙe, ya gyara rawani, ya ratsa sahu. Mutane suka buɗa masa.

Ina sahu na biyu, daidai bayansa. Ya ce a daidaita sahu, ya kabbarta. Gaskiya ban san abin da na karanta a sallar nan ba. Idona yana kan bayan rigarsa, duk motsin da ya yi sai gabana ya faɗi. Raka'a ta farko ta wuce. A zaman tahiya ya ɗan daɗe, na ce shi ke nan, sai na ji kabbara ya miƙe. Ta uku, ta huɗu. Bai yi sauri ba, yadda ya saba ja haka ya ja, har ya yi sallama. Ya juyo ya yi addu'a, jama'a suka shafa. Wani dattijo a gefena yana ta cewa alhamdulillahi ƙasa-ƙasa, bai daina ba har aka fara tashi.

A bakin ƙofa Malam ya dafa kafaɗata zai sa takalmi. Na ce masa sannu da aiki, Tsoho. Ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

Ya ce, “Koma ka sake sallarka. Tun daga gaba nake jin numfashinka. Kai ba salla ka yi ba, gadina ka yi.”

Na ce ai shi ya jawo. Ya ce ko ma wa ya jawo, raka'a huɗu ce, kada in rage ko ɗaya. Ya karɓi sandarsa ya bi hanyar gida, mutane biyu suna biye da shi da tambayar rabon gado da suka daɗe suna ajiye masa. Na tsaya har suka sha kwana. Sannan na cire takalmina na koma ciki, na samu gefen ginshiƙi na tada salla, a nutse wannan karon.